Tsakanin Littafi da Majigi: Rigimar Masoyan "Sunan Wardi"

Duk marubucin da aka taɓa zuwa neman littafinsa domin a mayar da shi fim ya san irin zullumin da kan biyo bayan amsa "to". Kuɗi dai za a ba shi, suna kuma zai ƙaru, amma daga ranar da fim ɗin ya fito sai ya ɗaura ɗamarar amsa tambayoyin masu karatunsa a duk inda suka tare shi. Me ya sa aka cire wance? Me ya sa aka ba wane matsayin tauraro alhali ba haka muka ƙiyasta shi a zuci ba? Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin kuwa tun 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa majigi, daga baya kuma littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino suka koma bidiyo. To amma rigimar takan fi zafi idan littafin na falsafa ne, wato wanda rabinsa labari ne rabinsa muhawara, domin na'urar ɗaukar hoto tana ganin mutum yana tafiya amma ba ta ganin abin da yake saƙawa a zuciyarsa. Irin wannan littafi muke son mu duba a wannan fitowa, tare da fim ɗin da aka yi da shi da kuma ƙorafin masoyansa, wanda har yau bai lafa ba.

Littafin shi ne Il nome della rosa, da Hausa "Sunan Wardi", wanda Umberto Eco ya wallafa a Italiya a 1980. A lokacin Eco shehun malami ne a Jami'ar Bologna, fanninsa kuma ilmin alamomi, wato nazarin yadda wani abu kan tsaya a madadin wani ya ba da ma'ana, kamar yadda hayaƙi kan nuna wuta ko sawu ya nuna wanda ya wuce. Wannan ne ƙagaggen labarinsa na farko, yana da shekara 48 a lokacin. Ya ci kyautar Strega ta Italiya a 1981, William Weaver ya fassara shi da Ingilishi a 1983, aka kuma sayar da miliyoyin kwafi a harsuna da dama. Abin ya ba mutane mamaki, domin littafi ne mai shafi wajen 500, cike da Latinanci da ba a fassara ba, da dogayen muhawarori a kan tauhidin Kirista na ƙarni na 14.

Ga mai karatun da bai ci karo da shi ba, ga labarin a taƙaice. A watan Nuwamba na 1327 wani rahibi Ba'ingile mai suna William na Baskerville ya isa wani babban gidan ruhubanawa a kan dutse a arewacin Italiya, tare da almajirinsa Adso. Ruhubanawa su ne malaman Kirista da suka ƙaurace wa duniya da aure suka zauna wuri ɗaya don ibada da karatu. William ya zo ne halartar wani zaman sulhu tsakanin 'yan ɗariƙarsa ta Faransis da wakilan Fafaroma Yohana na 22, wanda a lokacin yake zaune a Avignon ta Faransa. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko Isa Almasihu ya taɓa mallakar wani abu a duniya, tambayar da ke ɓoye wata babba a ƙarƙashinta, wato ko ya halatta coci ta tara dukiya ta kuma yi mulki. Da isarsa sai ya tarar an tsinci gawar wani matashin rahibi a ƙasan dutse, shugaban gidan ya roƙe shi ya bincika. Cikin kwana bakwai gawawwaki suka yi ta ƙaruwa. An tsinci ɗaya a randar jinin alade, wani a bahon wanka, wani an fasa masa kai, waɗansunsu kuma da baƙin tabo a yatsa da harshe. A ƙarshe ta bayyana cewa wani tsohon makaho mai suna Jorge ne ya shafe shafukan wani littafi da dafi, ta yadda duk wanda ya lashi yatsa don buɗe shafi ya sha ajalinsa. Littafin kuwa shi ne kashi na biyu na aikin Aristotal a kan waƙa da wasan kwaikwayo, kashin da ya yi magana a kan wasan ban dariya, wanda a haƙiƙanin tarihi ma bai iso gare mu ba. Hujjar Jorge ita ce dariya tana kashe tsoro, idan kuwa babu tsoro imani ya rushe, don haka bai kamata duniya ta ji cewa babban mafalsafi ya ɗaukaka dariya ba. Da aka ritsa shi sai ya shiga yagar shafukan yana cinyewa, fitila ta faɗi, taskar littattafan ta kama da wuta, gidan gaba ɗaya ya ƙone.

Wannan shi ne ƙashin labarin, kuma ko shakka babu an gina shi ne bisa zubin labaran 'yan sandan ciki. Sunan Baskerville ma daga wani littafin Conan Doyle na Sherlock Holmes aka aro shi, sunan Jorge kuma shaguɓe ne ga Jorge Luis Borges, marubucin Ajantina wanda ya shugabanci babban ɗakin karatun ƙasarsa yana makaho. Amma naman da ke jikin ƙashin shi ne tambayar yadda ɗan Adam ke sanin gaskiya, da ko tsarin da muke gani a al'amuran duniya yana nan da gaske ko kuwa mu ne muke ɗora shi don hankalinmu ya kwanta. Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A 1986 fim ɗin ya fito. Bafaranshe Jean-Jacques Annaud ne ya ba da umarni, Bajamushe Bernd Eichinger ya shirya, mutum huɗu suka tsara labarin, aka kuma ɗauki masanin tarihi Jacques Le Goff a matsayin mai ba da shawara. An ɗauki cikin gidan a tsohon gidan ruhubanawa na Eberbach a Jamus, wajensa kuma aka gina shi takanas a kan wani tudu kusa da Roma. Sean Connery ne ya fito a William, Christian Slater a Adso, F. Murray Abraham kuma a Bernardo Gui, alƙalin kotun tuhumar 'yan bidi'a. An kashe kimanin dala miliyan 17. A Amurka fim ɗin bai yi kasuwa ba, abin da ya tara bai wuce dala miliyan 7 da 'yan kai ba, masharhancin nan Roger Ebert ma ya koka da cewa labarin a ruɗe yake, hoton kuma duhu ya yi masa yawa har ba a gane abin da ke gudana a waɗansu wurare. A Turai kuwa jama'a suka yi masa ruguguwa, har jimillar cinikinsa a duniya ta haura dala miliyan 77. Ya ci kyautar César ta Faransa a 1987, Connery ya ci kyautar BAFTA ta Ingila, kuma da gidan talabijin na Rai ya nuna shi a Italiya a 1988 sama da mutum miliyan 14 ne suka zauna kallo.

Ke nan 'yan kallo sun karɓe shi. Waɗanda suka fito daga silima suna ƙunƙuni su ne waɗanda suka riga suka karanta littafin suka kuma ƙaunace shi, kuma ƙunƙunin da ya fi yawa a bakinsu shi ne an yi yanka. Ina dogon tarihin ƙungiyoyin bidi'a da ɗan tawaye Dolcino? Ina sunayen William na Ockham da Roger Bacon, waɗanda tauraron ke yawan ambata a matsayin abokinsa da malaminsa? Ina tsoho Alinardo da saurayi Benno? Ina bayanin ƙofar cocin da Adso ya tsaya yana kallo har shafuka da dama? Muhawarar talauci da ta ci babi guda an mayar da ita 'yan mintuna na hayaniyar tsofaffi.

A nan dai ba mu tare da masu ƙorafin, kuma za mu faɗi dalili. Fim ɗin bai wuce awa biyu da 'yan mintuna ba. Wanda ya ce a zuba shafi 500 cikin wannan lokaci, kamar ya ce a juye randa cikin moɗa ne kada ko ɗigo ya zube. Annaud kansa bai yaudari kowa ba. Tun a rubutun buɗe fim ya kira aikin nasa da wata kalma da ke nufin takardar fata wadda aka kankare tsohon rubutunta aka yi sabo a kai, kamar yadda magabata kan yi saboda tsadar fata. Mu da muka yi makarantar allo ba sai an yi mana dogon bayani ba. Almajiri kan wanke allonsa ya shafa farar ƙasa ya yi sabon rubutu, amma idan ka karkata allon ga haske za ka hango inuwar tsohuwar tawada a ƙarƙashi. Abin da mai fim ya yi alkawari ke nan, sabon rubutu a kan tsohon allo. Shi ma Eco, a wata hira da jaridar Guardian a 2011, ya kwatanta littafinsa da burodin da aka tsaga aka cusa masa nama da cuku da tumatir da ganye, ya ce mai fim dole ne ya zaɓi ɗaya ko biyu daga ciki ya bar sauran, ya kuma ce fim ɗin ba laifi. Yabon dai ba mai yawa ba ne, kuma abin lura ne cewa daga sauran ƙagaggun labaransa shida babu wanda aka mayar fim har ya rasu a 2016. Amma bai yi tsinuwa ba. A gwada shi da Milan Kundera, wanda bayan an mayar da wani shahararren littafinsa fim a 1988 ya ce bai ga ruhin littafin a ciki ba, ya kuma rufe ƙofar ba da izini gaba ɗaya.

Bugu da ƙari, lokaci ya zo ya gwada hujjar masu cewa ƙarancin lokaci ne matsalar. A 2019 Rai ta sake ɗaukar labarin a kashi takwas na talabijin, John Turturro ya fito a William. Ga fili an samu. Me aka yi da shi? An dawo da waɗansu abubuwan tarihi da siyasa, gaskiya ne, amma sai aka ƙago wata jaruma mai kwari da baka, aka ce 'yar Dolcino ce, wadda babu ita ko a mafarki cikin littafin. Ashe yawan awoyi ba shi ke kawo riƙon amana ba.

Kuma ba gaskiya ba ne cewa an share falsafar kakaf. Musun da William da Jorge suka yi a kan dariya yana nan a fim, da na ɗakin masu kwafe littattafai da na daren ƙarshe, kuma tsoho Feodor Chaliapin, wanda ya haura shekara 80 a lokacin, ya fito da Jorge yadda tsigar jikin mai kallo ke tashi. Mutum da yawa ba su taɓa jin cewa akwai wani littafin Aristotal da ya ɓata ba sai a bakin wannan makaho. Daga silima suka nufi kantin littattafai. Masoyin da ke jin haushin waɗannan sababbin shiga, yana ganin ba su cancanci littafin ba tunda ta ƙofar baya suka shigo, ya kamata ya duba da kyau ya ga da wa ya yi kama a cikin labarin, domin Jorge ma son littafi ne ya sa shi hana kowa taɓa shi. Ba ma musun cewa Eco da kansa ya ɗan hura wannan girman kai. A bayanin da ya rubuta game da littafin a 1983 ya faɗi cewa an ba shi shawarar ya rage shafuka ɗari na farko ya ƙi, domin yana son su zama kamar hawan dutse da zai tace masu karatu. To wanda ya sha wahalar hawa ba ya son ya tarar da wani a sama wanda mota ta kawo.

Akwai dai yankan da muka ji zafinsa. A farkon littafin, tun kafin su shiga ƙofa, William ya gamu da mutanen gidan suna neman wani doki da ya ɓace. Bai ga dokin ba, amma daga sawu a kan ƙanƙara da karyayyun rassa da 'yan gashin da suka maƙale a ƙaya ya gaya musu inda ya nufa da launinsa, har da sunansa. Wanda ya san labarin 'ya'yan Nizar da raƙumi mai ido ɗaya a littattafan Larabawa zai gane kakan wannan dabara. Daga baya William ya bayyana wa Adso cewa waɗansu siffofin ba daga sawu ya samo su ba, daga littattafai ne, domin ya san rahibi mai karatu ba zai siffanta dokin da yake ƙauna ba sai da kalmomin da ya karanta a kan kyakkyawan doki. Darasin littafin gaba ɗaya yana cikin wannan ɗan wuri, cewa mutane kan ga abin da karatunsu ya shirya su su gani. A fim an musanya wannan da William yana gano wa Adso inda makewayi yake. An yi dariya, amma an yi asara.

Sai kuma wani yanka da ba mu cika jin ana kuka da shi ba, alhali mu shi ya fara tsone mana ido. Taskar littattafan Eco cike take da ayyukan malaman Musulmi. William na ambaton jadawalin taurari na Al-Khwarizmi da girmamawa, a ɓangaren da aka keɓe wa Afirka sun tarar da Alƙur'ani da littattafan Larabci, kuma lokacin da ciwon so ya kama Adso, a cikin wani kundi mai kawo maganganun Ibn Hazm da Ibn Sina ya gano sunan cutarsa. Hatta kundin da ake kashe-kashe a kansa da rubutun Larabci ya fara, kafin na Suryananci da Latinanci da Girkanci. Eco bai yi wannan don ado ba. Tarihi ne, domin kashi na farko na wannan aiki na Aristotal Abu Bishr Matta ya fassara shi da Larabci a Bagadaza a ƙarni na 10, Ibn Rushd ya yi masa sharhi a Andalus a ƙarni na 12, kuma ta sharhin Ibn Rushd ne Turawan wancan zamani suka fi saninsa. Fim ɗin ya bar wannan a gefe, sai taskar ta zama kamar gadon Turai ita kaɗai. Haka nan Annaud ya bi ƙasashe yana zaɓo masu munanan fuskoki, da mai ƙusumbi da mai wawulo, ya cika gidan da su, talakawan ƙauye kuma ya nuna su suna wawason sharar da ake zubo musu daga saman ganuwa. Fuskokin suna da ban sha'awa a allon silima, Ron Perlman ma ya yi rawar gani a matsayin Salvatore. Amma mai kallo kan tashi da tunanin cewa zamanin duhu ne kawai da hankali ɗaya tak a cikinsa, alhali a littafin waɗannan ruhubanawa masana ne da suka zo daga ƙasashe daban-daban, kuma hankali ne ya yi musu yawa har suke hallaka juna a kan takarda.

Game da Connery ba za mu daɗe ba. An yi ta tsoron cewa James Bond ne za a gani cikin rigar rahibi, har kamfanin Columbia ya janye kuɗinsa saboda zaɓensa. Ya ba mara ɗa kunya. Haka ma taskar, wadda a littafi ɗakuna 56 ne a hawa ɗaya da aka jera kamar taswirar duniya, Dante Ferretti ya mayar da ita matakalai masu hawa da sauka da ke ɓad da mutum. Masoya sun yi ƙorafi, amma ɗakuna masu kama da juna a hawa ɗaya ba za su ruɗa ido ba. Wannan canji ne na wanda ya san sana'arsa. Daren da Adso ya haɗu da yarinyar ƙauye a madafa kuwa, littafin ya lulluɓe shi da kalmomin Waƙar Sulemanu, fim ya yaye lulluɓin, don haka ba abin kallo ba ne da yara.

Yanzu mun iso inda muke ganin masoyan littafin suna da gaskiya ɗari bisa ɗari, wato ƙarshen labarin. A nan ba yanka aka yi ba, juya allon aka yi.

A littafin, Bernardo Gui ya kama yarinyar nan da ba a taɓa faɗin sunanta ba, wadda yunwa ce ke kawo ta gidan da dare, ya ɗora mata maita. Ya tafi da ita tare da ruhubanawa biyu da ya tuhuma da bidi'a. Adso ya so ya yi wani abu, William ya riƙe shi ya gaya masa cewa ta riga ta hallaka. Shi ke nan. Ba a sake ganinta ba, Gui ya fita ƙofa lafiya lau da sojojinsa, zaman sulhun kuma ya watse ba nasara. A fim kuwa an kafa itatuwan ƙonawa a harabar gidan, wuta ta ci mazan biyu, gobarar taska ta ɗauke hankalin masu gadi, yarinyar ta tsira, talakawa suka tura keken Gui daga kan dutse ya faɗa kan tsinin ƙarfe ya mutu. Mai kallo ya sauke ajiyar zuciya.

Masu son tarihi sun fara da cewa wannan ƙarya ce tsagwaronta, domin Bernardo Gui mutum ne da ya rayu da gaske. Ya yi alƙalancin tuhumar bidi'a a Toulouse daga 1307 zuwa 1323, ya yanke hukunci sama da 900 waɗanda na ƙonawa daga ciki ba su kai 50 ba, ya rubuta littafin jagora ga masu irin aikinsa, ya zama bishop na Lodève, ya kuma mutu a kan gadonsa a ƙarshen 1331, shekara huɗu bayan lokacin labarin. Wannan hujja ce, amma mu ba ita ce ta fi damunmu ba, domin mai ƙagaggen labari yana da 'yancin ya yi wasa da tarihi. Abin da ya dame mu shi ne dalilin da ya sa Eco ya bar Gui da rai. Ya bar shi ne domin littafin yana cewa a duniyar nan mai iko kan yi zalunci ya tafi gida ya yi barci, kuma sanin gaskiya ba ya ceton talaka. William ya fi kowa kaifin basira a gidan, amma basirarsa ba ta ƙwaci yarinya ɗaya ba.

Ta wani ɓangaren ma basirar tasa ba ta kai shi inda yake zato ba, kuma nan ne zuciyar littafin take. Tsoho Alinardo ne ya raɗa masa cewa mace-macen suna bin ƙahoni bakwai na littafin Wahayin Yahaya, na farko ƙanƙara, na biyu jini, na uku ruwa, haka har ƙarshe. William ya kama wannan zare ya bi, zaren kuma ya kai shi ga Jorge. Sai a daren ƙarshe ya gane cewa babu wani mai kisa da ya tsara haka. Na farko kansa ya kashe, biyu son karatu ya kai su ga dafi, wani kishi ne ya sa aka fasa masa kai, kamannin da ƙahonin kuma katari ne kawai. Ya iso ga mai laifi ta hanyar kuskure, isowar tasa kuma ita ta jawo gobarar da ta cinye littafin da yake nema tare da dubban waɗansu. Yana tsaye gaban wutar ya amsa wa almajirinsa cewa ya sha kaye, ya kwatanta tsare-tsaren da hankali ke ƙagowa da tsani wanda ake hawa a kai wani wuri sannan a yar. Eco ya ari rigar Sherlock Holmes ne domin ya nuna mana Holmes yana faɗuwa. A fim babu wannan amsa laifi. William na Connery bai ruɗu ba, ya gano mai laifi da hujja, ya fito daga cikin wuta rungume da 'yan littattafan da ya ceto, mugu ya mutu, yarinya ta rayu. Har sunan littafin, wanda Eco ya ce ya zaɓe shi ne don ya warwatsa tunanin mai karatu, fim ya ɗaure shi a wuri ɗaya, domin ya rufe da tsoho Adso yana tuna yarinyar da bai san sunanta ba, kowa ya tashi da cewa ita ce wardin.

Za a iya cewa kasuwa ce ta tilasta, wanda ya zuba dala miliyan 17 ba zai so jama'a su fita da baƙin ciki ba. Mun ji. Amma kada a ce iyakar na'ura ce, domin ba mintuna ake bukata ba kafin a bar keken Gui ya fita ƙofa. Muhawarar tauhidi ce ke da wuyar ɗauka a hoto. Azzalumi yana tafiya salin alin, da fuskar malami da ya gane ya yi kuskure, waɗannan aikin majigi ne tun asali, kuma Connery da ya iya.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne babin ƙarshe na littafin, wanda tamkar don na'urar ɗaukar hoto aka rubuta shi, aka kuma bar shi. Bayan shekaru masu yawa, William ya daɗe da rabuwa da shi ya bar masa tabaraunsa, Adso ya zama magidanci, wani aike ya kai shi Italiya, sai ya ratse ya hau dutsen nan. Ya tarar da kango, ciyawa ta rufe makabarta, itatuwa sun tsiro ta tagogi. Ya shiga abin da ya rage na taskar ya yini yana tona ƙasa da ɓaraguzai, yana tsintar guntayen fata da wuta ta rage, wani rabin shafi, wani layi biyu, wani kalma ɗaya da hoton dabba a gefe. Ya cika jakunkuna biyu, har ya zubar da waɗansu kayan tafiyarsa don su samu wuri, ya koma da su Melk yana ta ƙoƙarin gane daga wane littafi kowane guntu ya fito. Babu muhawara a wurin, babu Latinancin da za a fassara wa kowa. Mutum ɗaya ne a durƙushe cikin kango da jaka a gefensa, kuma da minti uku sun isa a ɗauke shi.